Venetsianov ya ɓoye wahalar bayinsa?

Abban Walida: Jama'a, abin nan ya tsaya mini a rai. Ku dubi zanen farkon noma na Venetsianov, wani mai zane ɗan Rasha, da ke gidan adana zane-zane na Tretyakov a Mosko: mace ba takalmi tana jan dawaki biyu a gona, ta ci kwalliyar biki har da adon ka, ko ɗigon gumi babu, jaririnta na zaune a gefe. Wa ya taɓa shiga gona haka? Mutumin nan ƙauyen Safonkovo ya saya a yankin Tver, da mutanen ciki. Ya zana bayinsa tsaf-tsaf don manyan birni su ji daɗi. Yaudara ce!

Malam Sule: Gyara kalamanka, ba bayi ba ne. Manoma ne da doka ta ɗaure su da ƙasar ubangida, suna da gidajensu, suna biyan haraji. Bautar ainihi Sarki Peter ya kawar da ita tun 1723.

Maman Hanifa: Malam, wanda ake sayarwa, a yi masa bulala, ba ya aure sai da izini, mene ne sunansa? Bayin rinji ma ai suna da gayauna.

Malam Sule: Hajiya, a can na yi karatu. Ke a waya kika gani.

Ɗan Gwammaja: To fa! Duk wanda ya sha ƙanƙarar Rasha sai ya dawo lauyansu.

Malam Sule: Yaro, ka iya bakinka. Masu cusa muku ƙin Rasha, wato Amurkawa, ba su yi shelar 'yanta nasu bayin ba sai 1863, Rasha kuwa 1861.

Maman Hanifa: Ka ga ka faɗa da bakinka. Me aka 'yanta in ba bayi ba? Grigory Soroka, almajirin Venetsianov, ubangidansa Milyukov ya hana shi 'yanci duk da gwanintarsa. A 1864 aka yanke masa bulala, ya rataye kansa.

Ɗan Gwammaja: Shekarunka ba hujja ba ne, Malam.

Abban Walida: Ni dai maganar zane na kawo.

Baban Group: Ya isa haka. Abin da muka tsayar: Malam Sule, malaminmu da ya ga ƙasar da idonsa, ya nuna cewa kalmar bayi ba ta dace ba. Hajiya ta yi magana cikin fushi. Ɗan Gwammaja ya ba Malam haƙuri kafin magariba, in ba haka ba zan cire shi.