Neman kalma: me za mu kira "cliffhanger" da Hausa?

Ɗan Runjin Sambo: Salamu alaikum jama'a. Ina rubuta sharhi ne a kan ayyukan Aaron Sorkin a shirin The West Wing, ina so in tsamo kashi uku ko huɗu da na ga sun fi sauran, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: cliffhanger. Wato a ja labari har inda ran mai kallo ya tashi, sai a datse, a bar shi da jira har mako mai zuwa, ko ma har zango na gaba.

Ga wanda bai san shirin ba, tashar NBC ta Amurka ce ta nuna shi daga 1999 zuwa 2006, zango 7. Labarin wani shugaban ƙasa ne na ƙirƙira mai suna Bartlet da ma'aikatansa a fadar White House, Martin Sheen ne ya fito a shugaban. Zango huɗun farko kusan duk da hannun Sorkin aka rubuta su, kuma shirin ya lashe kyautar Emmy ta gwarzon wasan kwaikwayo shekara huɗu a jere, 2000 zuwa 2003.

Ga misalin abin da nake nufi. Kashin ƙarshe na zangon farko, "What Kind of Day Has It Been", a watan Mayun 2000 aka nuna shi. Shugaba ya gama ganawa da jama'a a Rosslyn ta jihar Bajiniya, ya fito zai shiga mota, sai harbi ya ɓarke daga tagar wani bene. Kowa ya zube ƙasa, hoto ya ɗauke, ana jin murya tana tambayar wa aka samu. Shi ke nan. Sai a watan Oktoba masu kallo suka san cewa harsashi ya sami shugaban, Josh Lyman, mataimakin shugaban ma'aikatansa, kuma yana kwance rai a hannun Allah, kuma ashe ba shugaban aka nufa ba, hadiminsa Charlie aka nufa, don baƙar fata ne yana neman 'yar shugaban. Wannan datsewar ta watan Mayu, me sunanta da Hausa?

'Yar Mabera: Wa alaikumus salam Yaya. Ai jan rai ne, mene ne abin wahala? Kullum muna faɗa idan shirye-shiryenmu masu dogon zango suka tsaya a wuri mai daɗi: "mutanen nan akwai jan rai."

Malamin Arkilla: Ƙanwata, jan rai ta yi kusa, amma ta yi faɗi. Tun daga minti na farko marubuci ke jan ran mai kallo. Idan ɓarawo ya laɓe bayan ƙofa, mai gida na tahowa a hankali, jan rai ne, kuma a nan take za a warware. Abin da ɗan uwa ke nema ba ya faruwa sai a ƙarshe, kuma sharaɗinsa a tashi ba a warware ba. In muka ba jan rai wannan aikin, mun rasa sunan wancan.

Abin da zan roƙa shi ne kada mu bi kalmar Turancin gaɓa-gaɓa. Ma'anarta ta zahiri mutum ne yana reto a bakin dutse. Ana yawan danganta abin da wani littafin Thomas Hardy na 1873, wanda aka riƙa bugawa kashi-kashi a mujalla, aka bar wani mutum maƙale a gefen dutse, masu karatu suka yi ta jiran fitowa ta gaba. Wannan tarihinsu ne. Idan ka rubuta "mai reto a dutse" a sharhin fim, mutumin Gagi zai ɗauka wani ne ya faɗo.

Tsohon ɗan rediyo: Ku yara kuna wahal da kanku. Abin ga mun daɗe muna yi nai tun ba a haife ku ba. In muna karanta littafi ga rediyo, da mun kawo wurin da labari yay yi zafi, sai mu ce "to jama'a, mu kwana nan." Mutane su yi ta tsaki bakin akwati, gobe kuma su dawo. Ko Dare Dubu da Ɗaya mi a cikinai in ba wannan ba? Yarinya na ba sarki labari, da asuba ta yi sai ta yi shiru daidai wurin da shika son ji, shi ko dole shi bar ta da rai hal gobe. Ku ce mai mu-kwana-nan, ku huta.

Ɗan Runjin Sambo: Baba, Allah shi ƙara girma. Wallahi ta yi mini daɗi a kunne. Inda na tsaya kawai, mai gabatarwa yana cewa "mu kwana nan" ko da labarin ya ƙare lafiya lau, ko ma shirin gaishe-gaishe ne. Sallama ce. Ba ta nuna an bar mutum da ƙishirwa.

Tsohon ɗan rediyo: Awo, sallama ta, amma muryad da munka faɗe ta da ita ita ka nuna ko akwai saura.

Malamin Arkilla: Matsalar ke nan Baba, takarda ba ta da murya.

Ɗalibi daga Dundaye: Malam, ni a ganina "rataya" ta isa. A ce kashin ya ƙare a rataye. Gajeriya ce, kuma ba dutse a ciki.

'Yar Mabera: A'a don Allah. "Ƙarshen zango na ɗaya rataya ce." Karanta da ƙarfi ka ji. Sai ka ce hukuncin kotu.

Ɗan Runjin Sambo: Bari in ƙara misali na biyu, ko zai taimaka, don wannan babu bindiga a wurin datsewar. Kashin ƙarshe na zango na huɗu, "Twenty Five", Mayun 2003. An sace Zoey 'yar shugaba. Bartlet ya ga uba ne da hankalinsa ya tashi, ba zai iya yanke hukunci a kan sojoji da tsaron ƙasa a wannan hali ba, sai ya ɗauko gyaran fuska na 25 na tsarin mulkin Amurka ya sauka na wucin gadi. To mataimakinsa ya riga ya yi murabus saboda abin kunya, babu wanda aka naɗa. Mai bi a layi shi ne kakakin majalisar wakilai, ɗan jam'iyyar adawa, John Goodman ne ya fito a matsayinsa. Ya shigo ofis, ya yi rantsuwa, ya sallami Bartlet daga ɗakin. Aka tashi: yarinya ba a gan ta ba, mulki na hannun abokan hamayya. Wani abin kuma, wannan ne kashin ƙarshe da Sorkin ya rubuta. Ya bar shirin, wasu marubutan ne suka zo suka kwance ƙullin da ya ƙulla.

Gwaggon Kanwuri: Ɗana, ni ban san mutanen ga da kake faɗi ba, kuma ba ni kallo nasu. Amma abin da kab bayyana ƙwalele na. Yaro na tsaye bakin zaure da alawa, shi miƙo ma ɗan uwanai hal ta kusa taɓa baki, wancan ya buɗe baki, sai shi janye hannu shi ce "ƙwalelenka." An gwada maka, ka gani, ka ji ƙanshi, miyanka ya tsinke, ba a ba ka ba. In ba shi na ba, to mi na?

'Yar Mabera: Gwaggo ta gama magana! Na janye jan rai.

Ɗalibi daga Dundaye: Gwaggo a gafarce ni, ina da ja. Ƙwalele hani ne na har abada. Shi ya sa ake cewa ƙwalelen kare da hantar kura, kare ba zai taɓa samu ba. Shi kuwa mai kallo jinkiri aka yi masa, mako mai zuwa za a ba shi. Sannan akwai mugunta a ƙwalele, marubuci kuma ba mugunta yake yi ba.

Malamin Arkilla: Ja mai kyau, amma duba. Karin maganar ce ta ƙara "hantar kura" don ta nuna abin ya fi ƙarfin kare. Da ƙwalele ita kaɗai na nufin har abada, da ba a buƙaci ƙarin ba. Ita kalmar tana bayyana lokacin da aka janye hannu ne, ba ta ce komai a kan gobe. Sau nawa yaron ke miƙa alawar daga baya? Kuma a daren da aka datse labari, wa ya ba mai kallo tabbacin za a dawo? Shirye-shirye da yawa an tsayar da su bayan irin wannan ƙarshen, ba a sake ɗaukar ko minti ɗaya ba.

Batun mugunta kuwa, kada mu wanke marubuta da yawa. Da gangan ake yi, kuma kasuwa ce. Tashoshin Amurka a lokacin suna rufe zango a watan Mayu su dawo wajen Satumba ko Oktoba, ana tsoron kada mai kallo ya manta da su a tsakani. A 1980 shirin Dallas ya rufe zango da harbin wani ɗan kasuwa mai suna J.R., ba a nuna wanda ya yi ba, aka bar mutane daga Maris har Nuwamba. Daren da aka bayyana, fiye da mutum miliyan 80 suka kalla a Amurka. Wanda ya tsara wannan ya san sarai abin da yake yi wa jama'a. Ɗan zafin da ke cikin ƙwalele shi ne ya sa ta dace, don mai kallo ma da haushi yake tashi.

Ɗan Runjin Sambo: Na karɓa. Amma da na gwada ta a kan kashin da na fi so, sai ta ƙi zama, kuma ina jin laifin ba nata ba ne. "Two Cathedrals" nake nufi, ƙarshen zango na biyu, Mayun 2001, wanda masu sharhi da yawa ke sa shi a sahun gaba, kuma suna kiran ƙarshensa da wannan kalmar da muke nema.

Ga yadda yake. Bartlet ya ɓoye wa 'yan ƙasa cewa yana da cutar jijiyoyi ta MS, ranar zai fito ya faɗa. A ranar ce kuma ake jana'izar sakatariyarsa, Misis Landingham, wadda wata direba da ta sha ta bugu ta kashe a sabuwar motarta. Ta san shi tun yana ɗan makaranta. Ana ta komawa baya ana nuna su a wancan zamanin, tana matsa masa ya yi wa mahaifinsa, shugaban makarantar, maganar yadda ake biyan mata albashi ƙasa da na maza. A nan ta gaya masa ta gane shi: duk lokacin da ya zuba hannu a aljihu, ya kau da kai, ya yi murmushi, to ya riga ya yanke shawarar yin abu. Mai kallo zai ɗauka hira ce kawai.

Akwai wurin da ya tsaya shi kaɗai a babbar majami'ar Washinton yana faɗa wa Ubangiji maganganu cikin fushi, har da Latin. Turawa wannan wurin suka fi yabo. Ni dai na yi a'uzubillahi na wuce, ba shi ya kawo ni ba.

Ya gaya wa mutanensa ba zai sake tsayawa takara ba. Dare ya yi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya isa taron manema labarai a jiƙe. An tsara masa ya fara kiran wakilin harkokin lafiya don a soma da tambaya mai sauƙi. Ya dube shi, ya tsallake shi, ya nuna wata 'yar jarida, ita kuma ta tambaye shi ko zai nemi zango na biyu na mulki. Ya ce ta maimaita. Ta maimaita. Sai ya zuba hannu a aljihu, ya kau da kai, ya yi murmushi. Hoto ya ɗauke.

Bai furta ko kalma ɗaya ba, amma me aka hana mu? Babu. Wanda ya bi labarin ya riga ya sami amsarsa. Shi ya sa nake ganin wannan kashin ya fi na harbin nesa ba kusa ba. Harbi a ƙarshen zango kowane marubuci zai iya, mu ma namu suna yi, a buga wa jarumi mota a rubuta "mu haɗu a zango na gaba." Amma ka dasa alama tun tsakiyar labari, ka bar ta ta yi magana a madadin jarumi a minti na ƙarshe, wannan sai gwani.

Gwaggon Kanwuri: To wannan ba ƙwalele ba na, ɗana. An ba ka abinka, sai dai ba a baki anka sa maka ba. Hannunka-mai-sanda anka yi maka.

Malamin Arkilla: Kun ga amfanin kalmar gida ke nan. Turanci ya haɗa ƙarshen nan uku a suna ɗaya, ƙwalele kuwa ta karɓi biyu ta tura ɗaya waje, kuma ta yi daidai. Ga yadda nake ganin a riƙa rubutawa: "kashin ya ƙare da ƙwalele", "ƙwalelen ƙarshen zango", "marubucin ya ƙwalele mu". Jan rai ta zauna a wurinta, ga abin da ke gudana a cikin labari.

Ɗalibi daga Dundaye: Na bi, amma da sharaɗi. A karon farko da za a sa ta a rubutu, a ce "ƙwalelen labari" cikakke, don kada mai karatu ya ɗauka zagin marubucin ake yi. Jam'inta fa? Idan shiri ya cika yin abin a kowane mako?

Malamin Arkilla: Ƙwalele-ƙwalele. "Shirin nan ya cika ƙwalele-ƙwalele." Ba sai an ƙirƙiro wani abu ba.

Tsohon ɗan rediyo: Ku rubuta abin da kuka so. Ni in an ba ni makirfo, mu kwana nan za ni cewa.

Ɗan Runjin Sambo: Baba, makirfo naka ne, ba mai karɓe maka. A sharhin zan sa "ƙwalelen labari" a karon farko kamar yadda ɗalibi ya nema, daga nan ƙwalele kawai. Na gode Gwaggo, na gode Malam. Jerin zai fara da "Two Cathedrals", sai "Twenty Five", na harbin ya zo na uku.