Taƙaitawa: Bin Sawun Kakan da Ya Yi Ƙaura Har a Kai ga Rajistar Baftismarsa a Suwizalan

An tattauna yadda wanda kakansa ya yi ƙaura daga Suwizalan zai gano rajistar baftismar kakan a can. Ga abin da tattaunawar ta tsayar:

1. Kowa ya yarda a fara daga ƙasar da kakan ya sauka. A Amurka, takardun zama ɗan ƙasa daga 1906 sukan faɗi garin haihuwa, na jirgin ruwa kuwa sau da yawa sunan ƙasa kawai suke ɗauke da shi.

2. A nemo garin asalin dangi, wato Heimatort (garin da dangin ke da rajistar zama 'yan gari a Suwizalan), ba wurin haihuwa kaɗai ba. Nan mutane suka fi ɓata hanya, domin garin asali ma yakan riƙe bayanan 'ya'yansa ko da an haife su wani wuri.

3. A Suwizalan, kafin 1876 galibi sai littattafan coci. Na Katolika da Latinanci, na Furotesta masu Jamusanci da tsohon rubutun Kurrent. Na jihar Bern suna intanet.

4. Suna na canzawa: Müller ya koma Miller. A tabbatar da mutum ta iyayensa da iyayen baftisma.

An rabu a kan FamilySearch, shafin intanet na binciken asalin dangi: wasu na ganin ya isa mafari, wasu sun ce a rubuta wa ma'ajiyar tarihin jihar da kakan ya fito kai tsaye.