Zaɓen wurin zamiya a dusar ƙanƙara: abin da masana suka fi jaddadawa

Bakin masanan ya zo ɗaya a kan cewa tsayin wuri ake fara dubawa, musamman ga mai zuwa a Disamba ko ƙarshen Maris. Ƙauyen da ke ƙasa da mita 1,500 yana iya samun ruwan sama maimakon ƙanƙara, hanyoyin zamiya su koma caɓi da rana, su daskare da dare. Val Thorens a Faransa, mai tsayin mita 2,300, ba ta cika samun wannan matsala ba, sai dai babu bishiyoyi, don haka ranar hazo ko iska mutum ba ya ganin gabansa.

An gargaɗi sabon shiga kada suna ya ruɗe shi. Chamonix, wani gari a Faransa, ta shahara, amma hanyoyinta masu gangara ne sosai, filayen kuma a warwatse suke, sai an hau bas. Sabon shiga ya nemi inda hanyoyi masu sauƙi, wato masu alamar kore da shuɗi, suka fi yawa. Ja na waɗanda suka riga suka iya ne, baƙi kuwa na ƙwararru. Tikitin dukkan Les 3 Vallées, yankin zamiya a Faransa mai hanyoyi kilomita 600, asarar kuɗi ce ga wanda zai wuni a filin koyo.

Fabrairu lokacin hutun makarantun Faransa ne, ga tsada ga dogon layi. Tsakiyar Janairu ta fi sauƙi, in za a jure sanyi.

A yi inshorar da ta ambaci wasan ƙanƙara ƙarara, domin a Faransa wanda ya ji rauni shi ke biyan kuɗin ɗauko shi daga kan dutse.