"Araha ba ta ado": har da abin aski na roba?

Autan Gwaggo: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ƙurajen aski sun addabe ni a wuya, sai aka ba ni shawara in bar abin askin nan mai baki uku da ake yarwa, in koma irin na da, wanda ake kwancewa a sa reza mai baki biyu. Na samu baƙi na roba, ƙirar Wilkinson Sword, da ɗan kuɗi kaɗan. Yayana na gani ya ce "araha ba ta ado", wai in haƙura in tara kuɗin na ƙarfe. Shin karin maganar nan ta hau wannan wuri?

Kawu Mai Tireda: Wa alaikumus salam. Ta hau daram, ɗana. Na ƙarfe nauyinsa ne ke yin aikin, kai dai ka ɗora ka ja a hankali. Na roba kuwa shafal yake, sabon hannu sai ya ji kamar rezar ba ta ci, ya shiga dannawa, dannawar nan kuma ita ke kawo yanka da raɗaɗi. Ga haƙoran wurin murɗawa, na roba ba sa jimirin ɗaurewa da kwancewa. Yayanka ya san abin da yake faɗa.

Malamar Hausa: Kawu, a gafarce ni, ina da ja. Ina aka fi jin wannan magana? A bakin mata wajen sayen atamfa da kayan lefe: ki ɗauki mai sauƙin kuɗi, wanki ɗaya ta zuba, ki ji kunya a gidan biki. Maganar abin da idon jama'a zai gani ce. Wa zai bi Auta banɗaki ya duba da me ya yi aski? Fuskar za a kalla.

Kawu Mai Tireda: Malama, a aji haka ne. A kasuwa kuwa har kan cajar waya da batirin tocila ana faɗinta, kuma kowa ya gane nufin: za ka saya sau biyu.

Jikan Wanzami: To ku bari na gidan aska ya sa baki. Mariƙi ba ya yanke gashi ko ƙwara ɗaya. Aikinsa ya danne rezar ta ɗan lanƙwasa, ya bar siririn bakinta a waje, sandar kariyar da ke ƙasa ta kwantar da fata kafin kaifin ya iso. In roba ta yi wannan daidai, ta gama nata. Shi ya sa kamfanonin da suka san harkar ba su raina ta ba: Dorco ta Koriya na da na roba, Feather ta Japan ma na da mai hannun roba. Kuma girman rezar ɗaya ne, Nacet, Tiger, Lord ta Masar, Astra, duk wadda ka samu za ta zauna.

Ko a tarihi, King Gillette da ya fara sayar da irin wannan a Amurka a 1903, guda 51 kacal ya sayar a shekarar, a kan dala 5 kowanne, kuɗi mai nauyi a lokacin. Da haƙƙin mallakar ƙirar ya ƙare a 1921 sai ga shi an sauko har dala 1, kuma gemu bai daina askuwa ba.

Inda araha ke cutarwa shi ne ka ce za ka yi tattalin rezar kanta. Ta dakushe kana ta kankara, ko ka bar ta a jiƙe ta yi tsatsa, ko ku yi karo-karo da ɗan ɗakinku. Wannan na ƙarshen ko kusa, ciwon hanta na bin jini ta bakin reza.

Ɗan Maraɗi: Ni a ganina "da babu gara ba daɗi" ce ta fi dacewa da Auta.

Malamar Hausa: A'a Malam, ka ga kai ma ka yanke hukuncin cewa ba daɗin. Yaron bai ma san ko irin wannan aski zai karɓi fatarsa ba. Wanda ke gwaji ai "sai an gwada akan san na ƙwarai" ce tasa. In bai yi masa ba, asarar ba ta taka kara ta karya ba.

Autan Gwaggo: Na gode ƙwarai. Yaya Jikan Wanzami, to ta yaya zan kauce wa dannawar da Kawu ya ambata?

Jikan Wanzami: Ka yi bayan wanka, ko ka gasa wurin da tsumma mai ruwan ɗumi. Kumfar sabulu ta wadata, kada ka ja a busasshe. Kwantar da kan abin a fata, ka riƙa sauko da hannun har ka ji bakin ya fara tsinke gashi, nan ne gurbinsa. Ja gajere gajere, ka bi kwanciyar gashi. A wuya musamman ka shafa da yatsa ka ji inda ya nufa, don na wasu a karkace yake fitowa. Gashinmu murɗaɗɗe ne, in ka aske shi ƙasa da fata sai ya juya ya soke ta, ƙurajen ke nan. Kada ka nemi santsi a makon farko. In ka ɗan yanke, goga alif a wurin.

Kawu Mai Tireda: Duk na ji, amma ina nan kan bakata. Auta, ranar da haƙoran robar suka cinye ka leƙo shago, akwai na ƙarfe a ajiye.

Malamar Hausa: Au, Kawu! Ashe tun ɗazu talla muke sha.