Gangarar keken guragu a makarantar renon yara: fili ya ƙi isa

Salamu alaikum, magina da malamai. Muna neman shawara kan wata makarantar renon yara a nan Maraɗi.

Dakalin ƙofar aji ya kai santimita 40, an ɗaga shi saboda ruwan damina. Ƙa'ida ita ce kowane santimita 1 na tsawo ya samu 12 na gangara, wato ana buƙatar mita 4 da santimita 80. Amma daga ƙofa zuwa katanga mita 3 ne kawai. In aka matse gangarar a nan, keken yaro zai iya kifewa ta baya, kuma ba zai hau da kansa ba.

Shin a lanƙwasa ta ta bi jikin bango, da wurin juyawa mita 1 da rabi? Ko a cike tsakar gidan da jar ƙasa a rage tsawon? Tsoronmu kada ruwa ya koma cikin aji. Ga kuma rairayi yana riƙe ƙafafun keken.