Masu jinyar tsofaffi a gida, ya kuke yi idan ruwa ya shigo ko wuta ta ɗauke?

Ƴar Pantami: Salam jama'a. Dada ce shanyewar ɓarin jiki ya kwantar a gida, ko zama sai an ɗaga ta, ga damina ta kankama. Tun abin da ya faru a Maiduguri Satumban 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle nake tunani, da a Gombe ne tsakar dare wa zai fitar da ita? Dan Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mana.

Ɗan Dadin Kowa: Allah ya ba Dada lafiya. Mu da ke bakin Gongola ba mu jira sai ruwa ya zo, da Agusta ya kama muke maida Baffa gidan Goggo da ke kan tudu, yana faɗa yana cewa shi ba inda zai je amma haka nan. Kuma kar ki dogara da keken guragu, mun gwada, cikin taɓo ko motsi ba ya yi. Bargo mai ƙarfi da samari huɗu kowa ya kama gefe shi ne ya fitar da mu, toh tun yanzu ki san su waye huɗun kuma su ma su sani, lambobinsu a rubuce a bango ba a waya kawai ba.

Maman ƴan biyu: Ni nawa matsalar wuta ne. Hajiya na allurar insulin ta ciwon suga da ake ajiyewa a firij, duhun nan na Oktoban 2024 da wuta ta ɗauke a Arewa firij ya zama kwabet wlh. Wata ma'aikaciyar jinya maƙwabciyarmu ta nuna min, a zuba yashi mai danshi a tukunyar ƙasa, a sa kwalbar cikin roba mai murfi a tura ciki a ajiye a inuwa. Ta ce wadda aka buɗe tana kai kwana 28 in zafi bai wuce digiri 30 ba, amma kar a ɗora ta kan ƙanƙara don in ta daskare ta lalace. Zafinmu na Afrilu kuwa kun san ya wuce 30 nesa.

Malamin asibiti: Haka ne. Ƙari na, ledar magani. Maganin hawan jini da na suga na sati biyu, katin asibiti, takarda mai sunan kowane magani da yadda ake sha, ORS (haɗin gishiri da sukari na gudawa), tocila, pampas ɗin manya, duk a ɗaure a rataye sama kusa da ƙofa. Abin da na fi gani bayan ambaliya shi ne tsoho ya kwana biyar ba maganin hawan jini saboda ruwa ya tafi da shi kuma ba wanda ya san sunansa, sai a ce min "ƙwaya ce fara ƙarama". Sannan ruwan sha a tafasa, amai da gudawa ba ya wa tsoho da wasa.

Ɗan Bolari: Ku duba ɗakin ma. Yawanci tsofaffi su ke kwana a tsohon ɗakin ƙasa, namu bango ya jiƙe ya zube da asuba, Allah ya sa Inna tana ɗakin matata ranar.

Ƴar Pantami: Na gode ƙwarai. Dada ma ɗakin ƙasa take, yau zan yi wa Yaya magana a dawo da ita na siminti. Maman ƴan biyu, yashin kullum kike jiƙawa?

Maman ƴan biyu: Safe da yamma, in ana zafi har da rana.