Cips ɗin kabeji da ganye a na'urar busar da abinci: ina ake samun matsala?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masu yin cips da kabeji ko ganye a na'urar busarwa, don Allah kowa ya kawo abin da ya sani. Matsalar da aka fi kuka da ita ita ce ya fito da yauƙi, ya ƙi yin ƙamas.

Hajiya Mai Kicin: Wa'alaikumussalam. Yawanci mai ne da ruwa. Bayan an wanke ganyen da ruwan gishiri, sai an tsane shi sosai da tsumma mai tsabta, domin mai ba ya kama jiƙaƙƙen ganye. Cokali babba 1 na man gyada ya ishi rabin matsakaicin kabeji. A murza da hannu har kowane ganye ya yi sheƙi, amma kada a ga mai a gindin kwano. Na'ura ruwa take cirewa, ba ta cire mai, shi ya sa mai yawan mai ko ya kwana a ciki da laushinsa zai fito.

Sannan a yanke jijiyar tsakiyar nan mai kauri. Ganyen zai bushe ya bar ta da danshi, daga baya ta jiƙa sauran a cikin kwalba.

Malamin Gona: Gaskiya ne Hajiya. Zafi kuma tsakanin digiri 52 zuwa 57 na Salsiyos. Kabeji ya fi kashi 90 cikin 100 ruwa, don haka yana cin awa 8 zuwa 12, ya danganta da kaurinsa. Alayyahu kan gama cikin awa 3 zuwa 5. Kada a haɗa su a faranti ɗaya. Ƙara wuta don sauri ba ya taimakawa: gefen ganyen yana yin duhu ya yi ɗaci alhali wuraren masu kauri ba su bushe ba. A shimfiɗa ɗaiɗai, kada wani ya hau wani. Idan na'urar mai fanka a ƙasa ce, a riƙa sauya farantan sama da na ƙasa duk bayan awa 2.

Uwar Biyu: Anti Hajiya, batun gishiri fa? Wani lokaci yakan yi yawa ba a ko iya ci.

Hajiya Mai Kicin: Saboda ganyen ya tsuke, gishirin bai tsuke ba, 'yar'uwa. Rubu'in ƙaramin cokali ya isa rabin kabeji. In da yajin ƙuli za ki sa, to kada ki ƙara gishiri ko kaɗan, akwai shi a ciki har da dunƙule, kuma ƙulin da mansa, sai ki rage man gyadar. Garin tafarnuwa da 'yar citta suna zama da kabeji ƙwarai.

Baban Sadiya: Ganyen waje na kabeji, koren nan, ya fi na ciki yin cips mai kyau don ya fi siriri. Na cikin yana son a tsoma shi a tafasasshen ruwa na minti 2, a tsame a ruwan sanyi, a tsane. Hakan yana rage warin ma. Duk da haka a kai na'urar baranda, warin kabeji yana kama labule. Zogale kuwa ƙanana ne, suna zubewa ta ramukan faranti, sai an shimfiɗa raga mai ƙananan idanu.

Malamin Gona: Batun wuta kuma: in an ɗauke ta ganye na tsaka da bushewa, kada a bar shi rufe a ciki har safe, zai yi gumi ya soma tsami. A buɗe farantan inda iska ke wucewa, ko a ci gaba da janareta, tunda yawancin na'urorin busarwa na gida ba su wuce wat 600 ba.

Hajiya Mai Kicin: Gwajin gamawa: a ciro guda ɗaya, a bar shi ya huce minti 5, a karya. In ya lanƙwashe bai yi ba. Sai ya huce gaba ɗaya a zuba a kwalbar gilashi mai murfi, a duba washegari. In an ga raɓa a jikin kwalbar a mayar da shi na awa 1. Da hunturu yana daɗewa da ƙamas ɗinsa, da damina kuwa in an bar shi a buɗe nan da nan yake saki. Kuma tunda da mai a jikinsa, ba kamar busasshen zogale na miya ba ne da ake ajiyewa watanni, a cinye shi cikin mako 1 zuwa 2 kafin man ya canza wari.